Kanwa a Ruwan Kifin Kalilu

Naushin farko a baki ya sami Saminu, har hularsa ta faɗa cikin baho. Bai taɓa zaton ƙaninsa Kalilu zai ɗaga masa hannu ba, shi ya sa ya tsaya yana lasar jini kamar wanda aka tasa daga barci. Sai da na biyu ya sauka a kunnensa sannan ya tuna shi ma yana da hannu, kuma hannun da ya saba kayar da bijimi a kasuwar shanu.

Abin da ya haɗa su yana nan a tsakar gida: sabon akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwa fari kamar koko, kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna birkicewa a ciki, wasu tuni sun juya ciki sama.

Kalilu ya yi shekaru a Jidda yana aiki a shagon masu sayar da kifin ado na teku. Wasu darduma da agogo suke dawowa da su Daura, shi da wannan ciwon ya dawo. Ya haɗa akwatinsa, ya jera duwatsu masu murjani mai rai wanda ke buɗewa yana rausaya in ruwa ya kaɗa shi. Gishirin ma daga Legas ake aiko masa, ya zauna yana aunawa kamar mai haɗa magani. Ba ya kwana a ko'ina sai gida, biki ne ko suna, domin in aka ɗauke wuta dole wani ya tada janareta. Dangi sun yi magana har sun gaji.

Da tsohon akwatin ya fara yoyo, ya sa aka kawo sabo daga Kano. Ran nan da safe ya kwashe kifayen zuwa bokitai, duwatsun zuwa baho, kowanne a cikin tsohon ruwansa, yana shirin haɗa sabon ruwa a hankali. Ana cikin haka Saminu ya yi sallama daga Baure, ya ce Inna ba ta jin daɗi, kuma ta ce kada ya koma sai da Kalilu. Kalilu ya roƙe shi ya jira zuwa la'asar. Sai kuma fetur ya ƙare, ya ɗauki jarka ya fita.

Saminu mutum ne da ba ya iya zama yana kallon aiki. Ya tambayi Haulatu, matar Kalilu, abin da ya rage, ta ce ruwan gishiri za a haɗa. To gishiri kuma ai shi za a tambaya, shi da ke ba shanu tun yana yaro. Ya juye randuna a cikin sabon akwatin, ya juye duro, har butocin alwala bai bari ba. Ya ɗauko gishirin manda da kanwar da ya sayo wa shanunsa daga bayan babur, ya dandaƙa, ya zuba da hannu sake, don kada a ce ya yi wa kifin ƙaninsa rowa. Haulatu ta ce, "Yaya, da dai ka bari ya dawo." Ya ce aikin minti kaɗan ne. Wan miji ne, ta bar shi. Ya bi bokitan kifin yana juyewa a cikin akwatin, yana jin daɗin kansa.

Abin da Kalilu ya tarar ke nan, kuma ko jarkar bai ajiye da kyau ba.

Saminu ya cafi wuyan rigarsa, ya ɗaga shi, ya maka shi da jikin akwatin. Gilashin ya yi ƙara ya tsage, ruwan kanwa ya kwararo a kansu, kifaye suka watsu kan siminti cikin fasassun gilashi. Gilashi ya yanki bayan Kalilu amma bai ji ba. Suka faɗi tare, suka kifar da bahon, suna birgima a cikin ruwa da jini. Haulatu tana ihu, tana haɗa su da Allah. Saminu ya hau kansa ya danne masa maƙogwaro, yana cewa kifi ya fi uwarsu ke nan, kifi ya fi uwarsu.

Numfashin Kalilu ya fara ɗaukewa. Hannunsa ya laluba, ya kama dutse, ya kai wa goshin wansa iya ƙarfinsa. Sai da Saminu ya sulale gefe sannan ya ga abin da ke hannunsa: babban murjaninsa ne, wanda ya yi rainonsa tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, ya dagargaje. Tsoro ya kama shi, domin Saminu ba ya motsi.

"Ruwa," ya ce wa Haulatu.

Ta duba randa, ta duba buta, babu ko ɗigo. Sai bokiti guda a bayan turmi wanda idon Saminu bai kai gare shi ba. Kifaye biyu ne a ciki, mace da namiji, lafiyarsu lau, su kaɗai suka rage. Ta kawo ta tsaya tana kallon mijinta. Ya karɓa ya sheƙa wa wansa a fuska gaba ɗaya.

Saminu ya ja dogon numfashi, ya yi nishi da gishirin ya shiga ciwon. Kalilu ya cire riga, ya ɗora kan wansa a cinya, ya danne goshin da hannu biyu. Haulatu ta zari mayafi ta fita neman mai keke.

Kifayen biyu suna tsalle a kan siminti dab da gwiwarsa. Saminu ya buɗe ido ɗaya ya gan su.

"Ɗauke su mana," ya ce da ƙyar.

"In na saki, jinin zai dawo, Yaya."

Bai saki ba. Yana kallonsu har suka daina motsi.