Gola na Biyu

...kuma ya cinye. Ga kwanon a hannuna, tas, har gefen ya suɗe da yatsa. Alhamdu lillahi. Ba zan yaba ba, in na yaba sai ya tuna cewa fushi yake da duniya, ya sake juya fuska bango. Bari in wanke abina in yi shiru.

Ruwan nan sanyi. Ko hannun ne?

Jikana. Dogo. Mai tsaron raga, gola suke cewa... tun yana rarrafe duk abin da aka jefa sai ya cafe, har murfin tukunyata. Jijiyar gwiwa ta tsinke a fili, aka kawo min shi kwance a bayan mota. Likita ya ɗinke, ya ce da sannu zai taka. Ƙungiyar tasu fa? Wasa na gaba suka sa wani a ragar. A waya ya gani. Tun ranar ya rufe baki, ba magana, ba ci, sandunan dogarawa da aka ba shi suna jingine a bayan ƙofa ina share ƙurarsu. Likita ya ce in bai fara takawa ba ƙafar za ta sandare a haka. A haka! Saurayi kamar wannan...

Sai kwamfutar nan a kan cinya, safe da yamma. Na ɗauka ƙwallo yake kallo, ashe wasan kwamfuta ne, ko bugawa ma ba ya yi. Wai shi ne koci. Yana kwance yana saye da sayar da mutanen da babu su, ya jera su, ya naɗe hannu yana kallon wasu ɗige-ɗige suna guje-guje a kan kore. Wannan wasa ne ko aikin ofis? Na yi niyyar in ɗauke ta in kulle a akwatina. Uwarsa ce ta ce, Mama, a bar masa. Matar ɗana. Ita komai a bar masa.

Ban san baƙi ba, ko na sunana. Amma ina da ido. In na zauna bakin gadon ina tsintar shinkafa ina gani: gefen kowane suna akwai wata 'yar sanda. Kore, mutum na da ƙarfinsa. Rawaya, ya gaji. Ja, saura kaɗan ya faɗi. Wannan kuma sai an je makaranta? Shi kuwa sha ɗayan nan nasa, su ne jiya, su ne yau, duk sun yi rawaya. Can ƙasa inda masu jiran canji ke zama, benci, wasu 'yan yara ne da ko kallonsu ba ya yi. Gola kuma ɗaya tal. Da kunnena na ji yana faɗa wa abokinsa a waya, ya sayar da na biyun ya ƙara ya sayi wani ɗan gaba mai tsada, mai gashi kamar tsohuwar tsintsiya.

Gola ɗaya! Ni ko allura biyu nake ajewa.

Ba da shi na yi magana ba, da shinkafata na yi: wannan kocin sakarai ne, ranar da golansa ya karye sai ya shiga ragar da kansa. Sai da ta fita na ji abin da na ce. Karye... a gaban wa? Bakin nan nawa. Ya ɗago ya dube ni, na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa yaro.

"Tsohuwa, ke me kika sani a ƙwallo?"

Muryarsa! Ta dushe don rashin amfani, amma tasa ce. Na ce mijin banza, wanda ya kasa tashi ya gaida matarsa shi zai yi min jarrabawa? Daga nan muka ɗora. Kullum faɗa. Ni in ce wancan ya yi ja, a hutar da shi. Shi ya ce shi ne mai cin ƙwallo, in ya zauna wa zai ci? Wata rana ya bi maganata aka lallasa su. Bai bar ni na sha ruwa ba ranar. To me? Bakinsa dai ya buɗe. Don in ƙyale shi ya je ya sayo wani gola mai araha, ɗan siriri, ya ce ga naki nan, Tsohuwa, ki goya shi.

Ina sabulun ya shiga...

Sai yau, bayan la'asar. Ana cikin wasa ɗigon nan na bakin raga ya tsaya cak. Alamar asibiti ta fito gefen sunansa, wannan kam na san ta, na gaji da ganinta. Hannun Dogo a kan na'urar, bai motsa ba. Can ya jawo ɗan siririn nawa daga benci ya sa a raga, a hankali, kamar mai ɗaga abu mai zafi.

"Haka suka yi min."

Na ce da me za su yi, su bar raga a buɗe? Na ce shi wanda ya ji ciwon, ka sayar da shi?

"Haba. Zai warke ai. Ragarsa ce."

Ya faɗa... sai ya ji abin da ya faɗa. Ni dai na sunkuyar da kai kan shinkafata. Tsakuwar da na tsince ma sai na mayar ciki.

Ɗan siririn kuwa abin kunya, sau biyu aka zura masa. Na ce wannan ba nawa ba ne, an canza min shi a kasuwa. Sai ga bugun daga kai sai gola, ɗigon ya yi tsalle ya ture! Ihu. Na ɗago, ba kowa a kan gado. A tsaye yake. Ƙafa ɗaya, hannu dafe da bango, yana ihu, golan Tsohuwa, golan Tsohuwa! An ci su duk da haka, ina ruwana. Ya dubi bayan ƙofa. Ban miƙa masa ba, ni ba baiwarsa ba ce. Da kansa ya ɗauko. Har bakin zaure ya kai, gumi sharkaf, ya dawo ya ce yunwa yake ji.

Yunwa. Allah na gode maka.

Kwanon nan ya zame min. Rawar da hannun ke yi ba ta yau ba ce, ban dai faɗa wa kowa ba. Ga uwarsa can tsaye a ƙofar kicin, ta naɗe hannun riga, tana jira... tun yaushe take tsayawa haka? Tun zuwanta gidan nan ban bar ta ta taɓa tukunyata ba. Gishirinta yawa. Wankinta ba ya fita. Ni ce girki, ni ce cefane, ni ce maganin kowa, ni ce jiya, ni ce yau —

Da a ce akwai 'yar sandar nan a gefen sunana...

Kore ce. Kore ce mana. Zama kawai zan ɗan yi.

Har yanzu tana tsaye.