Hannun Gwaggo a Kan Linzami

"Kin sake yin ja," in ji manajan. Fuskarsa ta cika allon kwamfutarta, har gashin hancinsa take gani. "Manhajar da ke sa ido kan aikinku ba ta ƙarya. Rabin yini linzamin kwamfutarki bai motsa ba, shi ya sa ta nuna sunanki da ja."

Daga gida take aiki, tana rubuta littafin da ke koya wa masu saye yadda ake haɗa injin ban ruwa. Rabin yinin da yake magana a kai, a tsakar gida ta yi shi, durƙushe gaban injin, tana kwancewa tana ɗaurawa, don kada ta rubuta abin da zai cire wa wani yatsa.

"Ranka ya daɗe, injin ba a cikin kwamfuta yake ba."

"Ga abokin aikinki nan, kullum kore."

Abokin aikin, da suke kira Malam Zuba, bai taɓa riƙe sifana ba. A kan yadda ake kunna inji kaɗai sai ya cika shafuka.

"In kika ƙara yin ja makon nan, mun sallame ki."

Ba ta roƙe shi ba. Ta kashe kiran, ta shiga falo. Gwaggonta, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, tana kan kujera tana faɗa da mutanen cikin talabijin.

Ta ɗora mata faranti a cinya, ta ajiye linzamin a kai.

"Gwaggo, ki dinga juya wannan."

"Shi ke nan? Wannan ne aikin da kika yi digiri a kansa?"

"Shi ne wanda suke gani."

Haka makon ya tafi. Ita tana rana da injin da bironta, Gwaggo tana inuwa tana zagaya faranti da linzami. Ta gama littafin, gajere, babu kuskure. Ba wanda ya buɗe shi.

Ranar taron bidiyo manajan ya haska sunanta da kore a gaban kowa.

"Kun ga abin da ake kira himma! Faɗa musu, me ya canza?"

Ta goge baƙin man da ke farcenta a jikin zane.

"Na gane abin da kamfani yake buƙata ne, ranka ya daɗe."

Daga falo Gwaggo ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, in tsaya ne, ko har yanzu muna aiki?"

Ta rufe makirfo.

"Ci gaba, Gwaggo. Yabonki ake yi."