Sunan Bastien a Kan Allo

Duk mai shan kofi a shagon Odile, a bayan tsohuwar masaƙar garin Roubaix da ke Faransa, ya san ƙarar nan: ƙwas! Ƙwallon ƙarfen filifa, na'urar wasan nan mai murfin gilashi, shi ne ya daki gilashin. Maimakon ya gangaro a kan katako kamar na kowace na'urar wasa, sai ya bugi ɗan farantin tsakiya, ya tashi sama, ya tsallake hannuwa biyun da ake mayar da shi da su, ya faɗa rami. Shi ke nan wasa ya ƙare, mai wasa ya ɗura ashar ya koma kan giyarsa.

Shekara tara ana haka. Abin kunyar kuma, Firmin ƙanin Odile gyaran filifa ne sana'arsa tun yana da gashi a ka. Daga Lille har Dunkerque kiransa ake yi. Amma in yayarsa ta yi magana, sai ya ce babu kayan gyara, an daina ƙera su.

Ƙarya yake shararawa. A saman na'urar akwai allo mai nuna maki mafi yawa da aka taɓa ci, da haruffa uku na wanda ya ci. Suna ɗaya tak wannan tsohuwar na'ura ke riƙewa, in wani ya wuce makin sai ta goge na baya. Haruffan da ke kai BAS ne, na Bastien, ɗan Odile tilo, wanda babbar mota ta take shi a kan babur yana da shekara ashirin da uku. Kullum da safe sai Odile ta kunna na'urar kafin tukunyar kofi, ta tsaya har sunan ya bayyana. Mako guda bayan jana'iza Firmin ya zare gilashin ba ta nan, ya cire ɗan soson da ke tokare farantin tsakiya, ya lanƙwasa farantin baya kaɗan da filaya. Farantin da ya kwanta baya sama yake cilla ƙwallo, kowane mai gyara ya san wannan. Tun ranar ba wanda ya kai ko rabin makin yaron.

Wata Talata gilashin ya gaji, ya tsage.

"Ko ka gyara yau, ko in kira mai gyaran nan na Tourcoing," in ji Odile.

"Yaya, in canja gilashin kawai mana."

"Ya sake fashewa? Na'urar Bastien ce fa ta zama abin dariya! Régis cewa yake kwaɗo nake kiwo a ciki."

Régis, tsohon mai raba wasiƙu, yana gefe da kofinsa. "Ƙarya na yi? Shekara tara ina ciyar da kwaɗon nan, ko godiya babu."

Firmin ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, ya kasa. Matar da ke gaya wa kowane baƙo cewa har yau ba a haifi mai kamo ɗanta ba, ta yaya zai ce mata filayarsa ce ke gadin sunan? Tsoro ne ya kama shi, tsoro zalla.

Ya so ya yi aikin rabi da rabi, amma ina! Tana tsaye a kansa. Ya miƙe farantin kaɗan, ta harba ƙwallo da kanta, ƙwallon ya ɗan yi tsalle, ta ce sake. Ya miƙe shi sosai, ya yanko sabon soso ya cusa a baya, ya ɗaure kusoshi, ya zura sabon gilashi. Ƙwallo ya koma gudu luf a kan katako.

"Ashe akwai kayan gyaran," ta ce.

Régis ya ajiye kofi ya kama na'urar. Mutumin da ya shekara tara yana kokawa da ƙwallo mai tsalle, yau an ba shi mai ladabi. Ko ɗaga kai bai yi ba, mai wasa ba ya kallon allo. Maki ya yi ta hawa. Hira ta mutu a shagon, har mai karanta jarida ya naɗe ta.

In aka girgiza filifa da ƙarfi, kashe wasan take yi nan take. Firmin ya miƙe zai bangaje ta da kafaɗa, a ce tuntuɓe ya yi. Odile ta riƙo hannun rigarsa.

"Ƙyale shi," ta ce, har da murmushi. "Ba zai kai ba."

Ya kai. Ƙwallon ƙarshe ya faɗa rami, allon ya yi walƙiya, BAS ya ɓace. Sai gurabe uku fayau suna jiran sabon suna.

Régis ya ɗaga kai, ya cire hularsa. "Odile, na rantse ban duba ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Filayar da ke hannun ƙaninta take kallo.

"Da ka buɗe, babu tsohon soso a ciki. Na lura."

"Babu, Yaya."

"Kai ka cire?"

"Ni ne."

 Firmin ya jira zagi, da ma zagin ne ya fi masa sauƙi.

"Ashe da ma ana iya kamo shi," ta ce a hankali.

Washegari Firmin ya zo da sassafe, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Odile ta wuce na'urar ta kunna tukunyar kofi.