Jiƙon Yaya Yamusa

Bayan Turawa sun miƙa mulki da 'yan shekaru, Yamusa ya dawo Kwali daga Kaduna da akwatin ƙarfe, da tabarau, da wata sabuwar magana. Wai wuta ce ke kashe abinci, kuma duk ciwon da ke jikin ɗan Adam daga tukunya yake fitowa. Ya yi boyi a gidan wani Bature mai awon ƙasa wanda ba ya cin komai sai ɗanye, shi ne ya ɗauko maganar daga can. Ya kafa rumfa a gefen kasuwa, masu ciwo suka fara zuwa.

Ƙanensa Mato manomin doya ne, mutum mai ƙarfi, ba mai yawan magana ba. Abin da ke damunsa kaɗai ƙwannafi ne, wanda ke taso masa in ya ci abinci mai yaji. Yamusa ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya sa shi ya yi alkawari ba zai ƙara cin abin da wuta ta taɓa ba, ya kuma lissafa masa abin da zai ci: jiƙaƙƙiyar masara, ɗanyen rogo, gauta, da ganyen zogale. Ya hana shi man ja, tunda dafa shi ake yi. Ya hana shi duk abin da ya fito daga jikin dabba.

Hansatu, matar Mato, ta bi dokar da farko. Yayan miji ne, kuma ya zauna da Turawa.

Kafin a cire doya, fatar bayan hannun Mato da ta wuyansa ta yi baƙi, ta bushe, ta fara tsagewa. Ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Da tsakar rana ma in Hansatu ta taɓa su sai ta ji su da sanyi kamar gindin randa. Ta je rumfar Yamusa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, ƙanenka ba lafiya. Jini ba ya kaiwa ƙafarsa."

"Dafin ne ke fita," in ji Yamusa, yana goge tabarau. "Kar ki kuskura ki ba shi dafaffe, ki ɓata min aiki."

A gida ta yi tuwo ta ajiye a gaban Mato. Ya kalli tuwon, ya kau da kai, ya ce ya riga ya yi wa yayansa alkawari.

Wata ranar kasuwa Dada, Bafillatanar da ke kawo nono daga rugar bayan dutse, ta shigo shan ruwa ta ga Mato zaune a inuwa. Ta daɗe tana kallon hannunsa. Da ta ji labarin sai ta ce wa Hansatu:

"To shi alkawarin na wuta ne ko? Nonon nan wuta ba ta san shi ba. Man shanun ma kaɗa shi na yi."

Da wannan Hansatu ta shawo kan mijinta. Ta ce masa ba a karya alkawari ba, gyara shi aka yi. Ta cire rogon gaba ɗaya, ta rage masarar. Ta riƙa ba shi nono da safe, ta daka masa ɗanyar gyaɗa da riɗi ta kwaɓa da zuma, ta saka man shanu a cikin zogalen. Kullum sai ta gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, ta murza su da man kaɗe daga yatsu zuwa gwiwa, ta ɗora su a kan turmi. Fatar wuyan ta fara laushi, kumburin ya fara saɓewa.

Amma an makara da ƙafar hagu. Tun kafin nan Mato ya taka kututture a gona bai ji ba, sai da ya dawo gida aka ga jini. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. A asibitin mishan aka yanke masa yatsun ƙafar duka. Likitan ya ce a ba shi wake da hanta da duk abin da aka samu, dafaffe. A kan gadon asibitin Mato ya sha kunu, yana sha yana hawaye, bai kuma ƙara ambaton alkawarin ba.

Yamusa bai je asibitin ba. Da suka dawo, Mato ya murmure ya fara takawa da sanda, sai Hansatu ta ji Yamusa a kasuwa yana nuna shi yana cewa, "Ku dubi fatar ƙanena yadda ta yi kyau. Aikina ne. Ƙafar kuwa matarsa ce ta jawo, ita ta karya doka."

Ta tsaya da kwandon barkono a hannu har ya gama. A ranar ce kuma Dada ta gaya mata abin da ta gani a tashar Gwagwalada: Yamusa a bayan rumfar mai abinci, ya juya wa hanya baya, hannunsa dumu-dumu cikin sakwara da jar miya.

"Ba yau na fara ganinsa ba," in ji Dada.

Hansatu ba ta gaya wa kowa ba, ko Mato. Ta riƙe abin a ranta, ta ci gaba da gaishe da Yamusa a durƙushe kamar yadda ta saba.

Da damina ta kama, Yamusa ya faɗo daga kan keke a gangaren rafi, cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da karare, ya ce kada ya motsa sai ƙashin ya kama. Ba shi da mata, don haka aka kwantar da shi a ɗakin ƙofar gidan Mato, abincinsa ya koma hannun Hansatu.

Washegari ɗakin ya cika da mutanen da ke bin dokarsa, sun zo dubiya. Hansatu ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai, ta durƙusa, ta buɗe a gabansu. Jiƙaƙƙiyar masara ce da ɗanyen rogo da gauta.

"Ga abincinka, Yaya. Ban bar ko hayaƙi ya taɓa shi ba."

Mutanen suka yi ta yaba mata. Yamusa ya dubi ƙwaryar, ya dube ta, ya ɗebi masarar ya fara tauna.

Daga ranar ta matso da murhunta gindin tagarsa. A nan take dakan sakwara, a nan take soya albasa da man ja, a nan take dafa naman da maharba ke kawowa. In ta gama sai ta kai masa jiƙonsa. Wata rana da babu kowa ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa.

"Hansatu, ko ɗan kunu ne."

"Kunu kuma, Yaya? Ai wuta ta taɓa shi."

"Mai karaya dabam ne. Akwai sassauci."

"To bari in kira su Malam Maude, ka faɗa a gabansu, don su ma su san da sassaucin."

Malam Maude shi ne babba a cikin mabiyansa, kuma shi ya fi kowa tsanantawa. Yamusa ya juya fuskarsa ga bango.

Ta san abin da ke gyara jiƙon, tunda da hannunta ta gyara na Mato. Nono na shigowa gidan, gyaɗa na cikin rumbu, zuma na cikin tulu. Ba ta saka masa ko ɗaya ba. In ta shiga ɗauko ƙwarya takan duba bayan hannunsa, ba don tausayi ba. Ranar da ta ga wurin ya fara baƙi ya fara tsagewa, ta fito tana 'yar waƙa.

Mato ya lura. Ya ɗebi tuwonsa zai kai ɗakin, ta tare ƙofa.

"Hansatu, ɗan'uwana ne."

"Lokacin da ake yanka ka, yana ina?"

"Ni na yafe."

"Kai ka yafe naka. Ni na wanke ƙafar nan tana wari, ni na riƙe ka da za a yanka. Nawa ban yafe ba. In ka kai masa tuwon nan, gobe da safe ina gidan ubana."

Mato ya koma ya zauna da kwanon a cinya, bai ci ba, bai kai ba. Dada ma ta yi mata magana, ta ce ƙashi ba ya kamawa da masara, in ta ci gaba za ta gurgunta mutum. Hansatu ta ce ta sani.

Ana cikin haka wata mata mai suna Lucy, maginiyar tukwane daga Ushafa, ta iso da mahaifinta a kan jaki. Tsohon ya daɗe a kan dokar Yamusa. Da aka sauke shi ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, fatar hannunsa tana zuba kamar dusa. Malam Maude da wasu suna ɗakin. Hansatu na tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar jiƙo.

"Oga, ka duba Baba," in ji Lucy. "Mun bi komai yadda ka ce. Kullum ƙara lalacewa yake."

Yamusa ya dubi tsohon. Shi kansa ya rame, leɓɓansa sun tsage, ya ɓoye hannayensa a cikin mayafi. Ya buɗe baki zai yi maganar da ya saba, sai Hansatu ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta ce a hankali:

"Faɗa musu su ci gaba, Yaya. Kai ma sai mu ci gaba."

Ya kalli jiƙon, ya kalli tsohon. Sannan ya fito da hannayensa daga mayafin ya ɗora su a kan gwiwa, kowa ya gani.

"Ki kai shi asibiti," ya ce wa Lucy. "Ki ba shi nono, ki dafa masa wake. Baturen nan da nake faɗa muku, madara yake sha, yana cin ƙwai, ana kawo masa wasu abubuwa a gwangwani daga ƙasarsu. Ni ma ban taɓa bin dokar nan ba sai a ɗakin nan."

Malam Maude ya tashi ya saka takalminsa, sauran suka bi shi. Lucy ba ta zagi kowa ba. Ta tofar da yawu a bakin ƙofa, ta ɗora mahaifinta a jaki. Hansatu ta bi ta da ƙullin dakakkiyar gyaɗa da ɗan man kaɗe, ta nuna mata yadda za ta riƙa murza ƙafafun a hanya.

Da yamma ta dama kunun gyaɗa, ta zuba nono, ta bai wa Mato ya kai wa yayansa. Ita ba ta ƙara shiga ɗakin ba.

Fatar Yamusa ta warke, amma ƙashin ya kama a karkace, ya tashi da ɗingishi. Rumfarsa ta kasuwa wani mai sayar da gishiri ya karɓe ta. Mato ya yi fushi da matarsa, har kaka ta wuce magana ba ta haɗa su sai in ta zama dole. Ba ta ba shi haƙuri ba.

Ranar da Yamusa zai bar Kwali ya koma Minna neman aikin kuku, ya same ta a tsakar gida tana wasa fartanya a kan dutse.

"Hansatu, zan tafi. Ki yafe min."

Ta gwada kaifin fartanyar da ɗan yatsa.

"Allah ya kai ka lafiya, Yaya. Yafiya kam, babu."

Ya ɗan tsaya ko za ta ƙara wani abu. Ta saɓa fartanyar ta wuce shi, don gonar doyar yanzu ita ke noma ta, kuma rana ta riga ta ɗaga.