Ƙoda Ɗaya

Hadi ya sake tura ƙafarsa cikin takalmi, ta ƙi shiga. Ya take bayan takalmin, ya saki jallabiya ta rufe masa idon sawu, ya fita neman motar Suk al-Arabi, inda zai sauya ta asibitin Soba.

Wata uku ke nan ƙafafunsa na kumbura, fitsarinsa na kumfa kamar an zuba sabulu. Tela ne a kasuwar Omdurman, don haka da fari ya ɗora laifin a kan zaman keke. Amma ƙoda ɗaya gare shi. Ɗayar ya ba ƙanwarsa Talatu shekara shida da suka wuce, shi ya sa bai gaya wa kowa a gida ba. Likitarsa, Dakta Ni'mat, ta ƙi soka allura ta ɗebo tsokar ƙodar, ta ce idan jini ya ɓalle ba shi da ta biyu. Jininsa ta aika Alƙahira. Yau sakamako ya iso.

Yana shiga barandar sashen ƙoda ya ji an ce, "Yaya?"

Talatu ce a kan benci, riƙe da katinta. An sauya mata ranar ganin likita bai sani ba.

"Wani abokina na zo dubawa," in ji shi.

Ta dubi kumburin da ke ƙarƙashin idanunsa, sannan ta sunkuya ta ɗaga bakin jallabiyar, ta danna ƙaurinsa da yatsa. Wurin ya lotsa, bai dawo ba. Ta san wannan alamar a jikinta.

"Tun yaushe?"

Kafin ya buɗe baki aka kira sunansa. Ta riga shi shiga.

Dakta Ni'mat ta dube su, Hadi ya gyaɗa kai alamar ta yi magana.

"Gwajin ya nuna ciwon," ta ce. "Garkuwar jikinka ce ke kai wa matatar ƙoda hari, matatar ta yi kauri tana yoyo, abin da ya kamata ya zauna a jini yana fita ta fitsari. A da sai an ɗebo tsoka ake ganewa. Masu bincike a Amurka ne suka gano abin da ke cikin jinin, yanzu China da Turai sai rubutu suke yi a kai. Akwai magani. Wasu na warkewa sarai, wasu ciwon ya lafa, wasu kuma yakan kai su ga wankin ƙoda."

"Ni ina cikin waɗanne?"

"Ban sani ba, ya Hadi. Yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu ba mutanenmu ba ne. Muna tara bayanan marasa lafiyarmu, in ka yarda mu sa naka, ba da suna ba."

Ta turo masa takarda. Talatu ta dafe ta.

"Duktora, ki faɗa mini gaskiya. Don ya ba ni ne? In ana mayarwa, a cire a mayar masa. Ni na saba da injin wankin."

"Talatu, ki yi shiru," in ji Hadi.

"Ba zan yi ba. 'Ya'yanka huɗu."

Likitar ta ajiye biro. "Ba a mayarwa. Kuma ciwon ba daga rashin ɗayar ya zo ba, a cikin jininsa yake. Da suna nan biyu, da duka biyun ya kama. Wadda ke jikinki ita ce ta kuɓuta."

Talatu ta janye hannunta daga takardar a hankali, ta ɗora shi a gefen mararta.

Hadi ya sa hannu, ya tambayi ranar fara magani. Aka ce Lahadi, da safe.

A baranda ya ce, "Kada Iya ta ji."

"Za ta ji yau," in ji Talatu. "Zauna a nan ka jira ni, layina ya kusa. Tare za mu koma."

Ya zauna, ta ajiye masa jakarta a cinya.