Sarki Arnkel da Shimfiɗar Ciyawa

Sarki Arnkel ya ƙone garuruwa goma sha ɗaya don ya haɗe gaɓar teku duka a tafin hannunsa. Abin da ya tsira da shi: tsibirai uku da tari mai taurin kai. Da tsufa ya kama shi, buri ɗaya ya rage masa, kada ya yi mutuwar kwance a kan shimfiɗar ciyawa. Kowa ya san Odin, abin bautarsu, ba ya buɗe zaurensa na lahira sai ga wanda makami ya kashe.

"In lokaci ya yi sai a ɗan soke ka da tsinin mashi, a ce makami ne ya kashe ka," in ji matarsa Ingunn. "Haka aka yi wa babana, bai dawo da ƙorafi ba."

"Babanki ai ko da ransa macuci ne."

Ya sa aka tuƙa shi a jirgin ruwa zuwa wurin Ozur, wanda ya kashe masa ƙane shekara talatin da suka wuce. Ya tarar Ozur ya tsufa tukuf, ana ba shi kunun sha'ir a baki.

"Tsohon kare," in ji Ozur, "dubiya ka zo?"

"Fito-na-fito na zo kiranka."

Fuskar Ozur ta washe kamar an yi masa albishir. Arnkel bai tsaya tambayar dalili ba.

Aka shimfiɗa fatar bijimi a bakin ruwa, suka hau. A al'ada wanda aka kira shi ke fara sara, kuma da wannan Arnkel ya dogara. Ya sassauta garkuwa, ya miƙa wuya. Takobin Ozur ya sauka a kafaɗarsa kamar mai korar ƙuda.

"Da wannan saran ka kashe ƙanena?"

"Bai ma kai haka ba. Ya faɗi yana kiran uwarku."

Hannu ya riga hankali. Kafin Arnkel ya farga, takobinsa ya nutse a ƙirjin Ozur.

"Na gode, ɗan'uwa," in ji Ozur, haƙora duk jini. "In na isa zauren Odin zan gaishe da ƙanenka."

Mayaƙa suka ɓarke da kirari: tsohon zaki bai zubar da haƙori ba! Daga ranar babu mahalukin da ya sake yarda ya amsa kiransa.

Ya koma gida ya tarar Ingunn ta sa an zuba sabuwar ciyawa a shimfiɗarsa. Mashi na jingine a gefe, an wasa tsininsa.