Fitila ta Bakwai

Idirisa yana durƙushe a gindin bango yana feƙe bakin wayar lantarki, wuƙa ta zame ta yanke shi a babban yatsa. Ya tsaya yana kallon jinin kamar na wani ne. Sai ya naɗe wurin da baƙar ledar naɗe waya, ya ci gaba da aikinsa.

Haka yake tun daminar bara. In an ba shi abinci ya ci, in an manta shi ma ya manta. Mutanen Sabon Gari sukan ce Idirisa akwai tawakkali, ko ranar da aka kai matarsa Zuliha makwancinta bai zubar da hawaye ba. Mutane dai ba sa rasa suna mai daɗi ga abin da ba su gane ba. Ba tawakkali ba ne, ƙirjin ne babu komai a ciki. Ruwa ya kwana biyu yana zuba a Maraɗi, bangon ɗakinsu ya faɗo mata tana barci, shi kuwa yana Jiratawa ya je gyaran injin ban ruwa.

Benen da yake wa aiki na Alhaji Shaibu ne, mai fataucin hatsi, a bakin hanyar Tibiri. Alhaji ya je ƙasashen Larabawa ya ga yadda suke haska gini daga ƙasa, ya dawo ya ce shi ma haka yake so, duk mai wucewa sai ya waiwayo. Fitilu goma sha biyu ya sayo. Ranar Juma'a iyalinsa za su tare, yau kuwa Talata.

Irin wannan aiki ba a gama shi da rana. Sai a jera fitilun a ƙasa sako-sako, a jira magariba, a kunna, a ga inda haske ya faɗi. Wadda ta yi nisa a matso da ita, wadda ta karkace a daidaita. In ido ya gamsu, sannan magini ya zuba siminti a gindin kowace, shi ke nan ba ta ƙara motsi.

Maginin kuwa Gado ne, yayan Zuliha. Shi ya gina benen tun daga tushe, shi ya roƙa wa Idirisa aikin fitilun don ya daina zama a ɗaki yana kallon ƙasa. Shekara talatin Gado yana gina wa mutane shaguna da katangu, wannan ne bene na farko da aka damƙa masa. Kuma shi ne ya tono ƙanwarsa daga cikin ƙasa da hannuwansa, har yau farcensa biyu ba su sake fitowa ba.

Suka yi sallar magariba a kan buhunan siminti da aka zazzage. Leburori sun watse, sai su biyu. Gado ya kwaɓa simintinsa a cikin baro ya ajiye. Idirisa ya je ya ɗaga makunni.

Gaskiya gidan ya yi kyau. Haske ya hau bangon tun daga ƙasa har rufi, ruwan zuma, kamar ginin ne da kansa ke ci. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu, fasinjarsa ta miƙa wuya tana kallo. Idirisa ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya, yana turawa da ƙafa, yana ja da baya yana dubawa. A ta bakwai ya tsaya.

Rana takan rufa wa bango asiri, domin gaba da gaba take duka. Hasken da ya taso daga ƙasa yana shafar bango kuwa ba shi da kunya, ko ƙwayar yashi ce ta fito sai ya yi mata inuwa. A saman fitila ta bakwai wani baƙin layi ya tashi daga tushe, ya karkata ya bi kusurwar taga, ya haye har hawa na biyu. An cike shi, an shafe, an yi fenti. Amma cikon ya yi tudu, kuma a tsakiyarsa bakin ya sake buɗewa.

"Yaya," in ji Idirisa. "Zo ka gani."

"Na gani." Gado bai taso daga inda yake ba. "Janye fitilar baya kaɗan, Idi. Taku guda ya isa."

"Tun yaushe?"

"Tun watan jiya. Sau biyu ina cike tsagar." Ya shafa fuska. "Wurin ga tsohon rami ne, nan aka riƙa ɗibar ƙasa. Na ce ma Alhaji a bari shi sha damina guda shi zauna, ya ce shi ba ya da lokaci. To mi zan ce? Ni da aka ɗauko daga ginin shago?"

"Ka gaya mashi katangar ta tsage?"

"In gaya mashi in ce mi? Gobe duk Maraɗi a ji Gado ya gina bene ya tsage tun ba a shiga ba? Ko bayan gida ba wanda zai ƙara ba ni. Ƙarfe na ciki, Idi, ba ta faɗuwa. Bayan damina in dawo in ɗaure ta da kyau. Janye fitilar, don Allah."

Idirisa ya sunkuya ya janye ta taku guda. Bai yi gardama da zuciyarsa ba, don babu mai gardamar a ciki. Ya ɗaga kanta sama kaɗan, ya ja da baya ya duba.

Layin ya ɓace. Bango sumul, ko mai gidan ya zo da tabarau ba zai ga komai ba.

"Yawwa," in ji Gado, ya turo baro. "Allah shi yi maka albarka."

Idirisa bai matsa ya ba shi wuri ba. Yana tsaye yana kallon bangon nan mai kyau, sai ya ji bakinsa yana magana, muryar a kwance kamar mai faɗin tsawon waya.

"Namu ma ya tsage, Yaya."

"Mi?"

"Bangon ɗakinmu. Kafin ruwan. Zuliha ta nuna mani, ta ce da rana har haske take gani ta ciki. Na kwaɓa laka na shafe, na goge da hannu har ba ka gane wurin. Na ce mata na gyara. Ta maida gadon jikin bangon. Ban taɓa gaya ma kowa ba."

Motoci biyu suka wuce, sannan wani amalanken shanu ɗauke da kara. Gado yana riƙe da hannayen baron bai sake su ba.

"Sau nawa ta gaya maka?"

"Uku."

Gado ya sauke baron a hankali. Ya zauna a kan bulo, ya sa kai cikin tafukansa. Idirisa ya jira zagi, ko mari, kuma da za a yi masa da ya tsaya ya karɓa. Ba abin da ya zo. Sai ya sunkuya ya mayar da fitilar inda take da farko, dab da bango. Baƙin layin ya sake tashi daga tushe har sama.

"Ni nan zan bar ta," in ji shi. "In ka ga dama ka janye bayan na tafi. Ba zan ce ma kowa komi ba."

Ya fara tattara kayansa cikin jaka. Yana naɗe ragowar waya a gwiwar hannu ya ji ƙarar cokalin gini a cikin baro. Da ya juyo, Gado na durƙushe a gaban fitila ta bakwai, yana zuba siminti a gindinta a nan inda take. Ya danna, ya ƙara, ya lailaye gefe da gefe, da irin kulawar da yake wa kowane aiki. Bai ɗago ya dubi Idirisa ba ko sau ɗaya.

Da ya gama ya goge hannu a riga, ya ciro wayar salula daga aljihu. Ya daɗe yana kallonta kafin ya danna.

"Salamu alaikum, Alhaji. Gado ne. An kunna." Ya saurara. "A'a, ranka shi daɗe, ba gobe ba. Da rana ba ka gani. Ka zo yanzu."